Giredar da Muka Ja Har Ƙofar Inna

Mun tashi daga Funtua da asuba, liman na sallamewa muna tada mota, ni da abokina mai a-kori-kura, da babur ɗin nan nawa mai ƙafa huɗu ɗaure a baya, wanda ku 'yan majalisa kuka laƙaba wa suna Kwaɗo. Tun da na dawo kun hana ni sakat da tambaya: ina na je, ina sarƙar da na ara, kuma me ya sa aka shigo da tsohuwa gidana a kwance. To ga labarin nan gaba ɗaya, kowa ya ji da kunnensa. Na san halinku, in na bar ku da rabi sai kun ƙarasa shi da ƙarya.

Dalilin tafiyar Inna ce, mahaifiyata. Tana ƙauyenmu can gaban Dayi, inda ake sauka daga kwalta a bi burtali tsakanin gonaki. A farkon damina ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya bugu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙafa kullum sai ƙara kumbura take. Asibiti take bukata, ba wata magana. Amma ruwa ya cinye burtalin nan, daga bakin titi har ƙofar gidanmu duk zaizaya ce da ramuka, amalanke ma da ƙyar. A kan babur ba ta iya zama. Da mutanen gari suka ce za su ɗauko ta a kan gado su fito da ita titi, sai ta kafe ta ce sam. Wai a garin nan gawa kaɗai ake fitarwa a kafaɗar maza, ita kuwa da sauran numfashinta. Wanda ya san Inna ya san an gama magana ke nan. Dole mota ta je har ƙofa, kuma kafin marka ta sauka, don in ruwan Agusta ya kama, ba mai sake shiga garin da mota sai kaka.

Kun san inda na samo Kwaɗo, a gwanjon wata babbar gonar kamfani da ta durƙushe. Ranar gwanjon na ga wani ƙarfe yashe a bayan rumbunsu, aka ce da shi suke baje hanyoyin cikin gona, Kwaɗo ke jan sa. Ban saya ba, na ɗauka mai gwanjon so yake ya liƙa mini tarkace. Da maganar Inna ta taso na koma cigiya, aka ce tuni maƙera suka saye suka yi fartanyu da shi. Babbar gireda irin ta 'yan kwangila kuwa, ko da ina da kuɗin hayarta, ba za ta shiga burtalinmu ba sai ta haɗa da gonakin mutane. Na ce to, abin da ido ya gani hannu zai kwaikwaya. Aka yi mini kwatancen wani mai walda a Malumfashi da ke da injin wutarsa, can muka nufa.

Hanyar Bakori lafiya lau, sai ramuka nan da can waɗanda direbana ya san su kamar 'ya'yansa. Masara ta kai gwiwa, kore shar, masu garmar shanu sun riga rana fita. A allunan bakin hanya an goge Kaduna an rubuta Katsina, amma in ka duba da kyau tsohon rubutun na leƙowa ta ƙarƙashin fenti. Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne direban. Duk ƙauyen da muka shiga sai ya rage gudu ya danna ham, ko akuya babu a kan titi. Na lura sarai so yake a fito a ga abin da ya ɗauko. Na yi masa magana, ya ce wai birki yake gwadawa. Birkin da ba a gwada shi sai inda mutane suke!

A Bakori muka tsaya karya kumallo. Koko da ƙosai, kuma ƙosan nan na bana sai dai a yi shiru, kuɗin da a da za a cika maka leda da su, yanzu sai ka ga gindin ledar. Mai ƙosan ta ce man gyaɗa ne ya tashi, ni kuwa da nake sayar da wake na san ba man kaɗai ba ne, har da hannunta. Muna ci wani mutum mai doguwar riga ya zagaya motar, ya taɓa tayar Kwaɗo, ya sake zagayawa, ya tambayi inda muka nufa. Na ce masa Zariya, alhali gabanmu na kallon Malumfashi. Direba ya ƙware da koko don dariya. Ku yi dariyar ku ma, amma ni sana'ar hatsi ce ta rene ni. Wanda ya taɓa sayen buhun masara ya tarar da tsakuwa a ƙasa ba ya sake yarda da bakin buhu.

Mun shiga Malumfashi da hantsi. Muka fara da masu tsofaffin ƙarafa a bayan tasha, na zaɓi dogayen ƙarafan shasin wata mota da ta mutu, da sifirin ɗin babbar mota guda biyu masu kauri, waɗanda za su zama bakin da zai kankare ƙasa. Kowane ƙarfe na ƙwanƙwasa shi na ji ƙararsa, sannan na ɗiga masa jan fenti don in gane abina.

Mai waldar ɗan Yarbawa ne, Kirista, haifaffen garin, iyayensa na sayar da kwanuka a kasuwa. In ka ji Hausarsa ta bayan katanga ka rantse Bakatsine ne kaka da kakanni. Na tsuguna na zana masa 'yar giredar da nake so a ƙasa da tsinke. Ya duba, ya tambaye ni aikin me za ta yi. Na ce ya dai yi yadda na zana. Ba na so in faɗa, don na san kafin mu bar garin ya ƙera goma ya jera a bakin titi.

Ya ce, “Alhaji, in ba ka gaya mini abin da za ta ci ba, yaya zan yi mata haƙora?”

Dole na kwance masa labarin Inna. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ajiye ƙofar wani da yake yi ya ja injinsa.

Nan na zauna a kan wata tsohuwar taya, ban motsa ba sai salla, ita ma direba na bari yana gadi. Idona na kan jan fentina. Mai walda ya yanka ƙarafan shasi ya haɗa su kusurwa huɗu, ya miƙar da sifirin da wuta da guduma, ya wasa gefe ɗaya, ya liƙa su a ƙasa a karkace, ɗaya gaba ɗaya baya, yadda ƙasar da suka kankaro za ta gangara tsakiya ta cike rami. A gaba ya yi kunnuwa biyu na ɗaura sarƙa. A sama aka shimfiɗa katako aka ɗaure da noti. Tartsatsin wuta ya huda mini riga wuri biyu, ban ja da baya ba.

Da aka miƙar da ita jikin bango, direba ya dawo daga cin tuwo yana sakace haƙori, ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya ce, “Kai, wannan ai makara ce.”

Wallahi gaskiya ya faɗa. Tsawon mutum, faɗin mutum, ga katako a shimfiɗe. Na tuna Inna, na tuna yadda labari ke rigan mota isa ƙauyenmu. Da an ce mata ɗanta ya taho da wannan a bayan mota, ko da kwalta na shimfiɗa mata ba za ta fito ba. Na ce a warware a ƙara faɗi. Mai walda bai yi gardama ba, ya yanke ya ƙara ƙarfe, ta koma kusan murabba'i. Aikin da ya kamata ya ƙare da azahar ya kai mu bayan la'asar.

Da za mu ɗora ta a mota ya ce mini ba ta da nauyi, in ba a danne ta ba tsalle za ta yi ta yi a kan ƙasa. Ya nuna wani tsohon kan inji a gefe ya ce a liƙa mata. Na ce a raina, yawwa, ga inda aka dosa tun safe, a sayar mini da abin da ya rasa mai saye. Na ce masa duwatsu sun yi yawa a garinmu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Muka ci tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya a wajen wata mai abinci kusa da tasha, tuwo mai kyau ba laifi, nama ne dai sai an yi cigiya. A zauren wani abokin cinikina muka kwana.

Gari ya waye da yayyafi, abin da nake roƙo ke nan, don ƙasa mai laima ita ke ba ƙarfe hanya. A Dayi muka tsaya. Mararraba ce, kullum a cike, motocin Kano da na Katsina na sauke mutane suna ɗauka, masu rake da masu dafaffen ƙwai na bin tagogi. Na sayi goro na gaisuwa, da sukari da sabulu na Inna, da igiya. Mai goron ya rantse daushe ne mai kyau, na ɓare ɗaya a gabansa kafin in biya. Daga nan ba nisa muka sauka daga kwalta, muka tsaya a bakin burtali.

Wanda bai san burtalinmu ba, ga yadda yake. Dama gonar Baba Nomau ce, hagu ta Malam Audu, kowanne ya shuka layin gamba a bakin gonarsa, ita ce iyaka. Baba Nomau Bamaguje ne, yana kan addinin kakanninsa, abokin mahaifina ne tun suna samari. Da salla Inna kan aika masa tuwo, da kaka shi kuma ya aiko mata da damin gero. Malam Audu kuwa ladanin garinmu ne. Su biyun nan sun daɗe suna zargin juna, kowa na cewa ɗan'uwansa na matsar da gambarsa kaɗan-kaɗan duk shekara don ya tura hanya cikin gonar wancan. Tun ina yaro ake wannan rigima, har yau ba a ga wanda ya ci ba.

Muka sauke Kwaɗo, muka ɗaura sarƙa, na tsinto 'yan duwatsun marmara na jera a kan katako. Ina ba da wuta, gireda ta kama tsalle a bayana kamar akuyar da aka ja kasuwa, duwatsun suka watse kowanne ya kama gabansa. Ƙasa ko gezau. Direba ya buɗe baki zai ambaci kan injin nan na Malumfashi, na harare shi ya rufe.

Ina cikin sake tattara duwatsu sai ga Baba Nomau ya ratso masara da fartanya a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya wuce ni ya je ya tsaya a gaban Kwaɗo, ya daɗe yana kallon wata lotsawa da ke jikin tankin.

Ya ce, “Na san wannan dabbar. Ita Baturen kamfani ya hawo ranar da aka kafa turaku a gonar ƙanena. Shi ma da gaisuwa ya fara.”

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Gonar da na sayi Kwaɗo a gwanjonta ita ce ta haɗiye gonakin danginsa shekarun baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce, “Baba, ni ne fa, ɗan abokinka. Inna na zo ɗauka.” Ya ce ya san ni sarai, kuma ya san Alhazan birni, da hanya suke farawa su ƙare da gona. Na miƙa goro, ya ƙi karɓa. Ya taka layin gambarsa ya kafa fartanya a ƙasa.

Kafin in ce wani abu ga Malam Audu da lema a hammata, ya ji ƙarar inji. Shi nasa zargin daban. Tunda Baba Nomau abokin ubana ne, to lallai mun gama shiryawa, wannan faɗan na ganin ido ne, ƙarshenta a gefensa za a yanki hanya. Baba Nomau ya ce a'a, Musulmi da Musulmi ne suka haɗa kai a masallaci za su cuci arne. Ni kuma a raina na riga na yanke cewa su biyun wani abu suke so in damƙa musu. Kowa na kallon kowa ta wutsiyar ido. Rana na ɗagawa, laima na bushewa, Inna na kwance can ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce musu matar da ta shekara hamsin tana gaisawa da su za ta rasa ƙafa saboda ciyawar gamba. Duk da haka ba wanda ya matsa.

Direba ne, da yake zaune a kan mota yana shan rake, ya ce cikin wasa, “To, Baba, kowa ya hau kanta ya tsare iyakarsa mana.”

Na juya zan zazzage shi, sai na ga Baba Nomau ya zare fartanyarsa. Ya taka katako, ya tsuguna a gefen dama, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya. Ya ce in baki ya taɓa gambarsa ko ganye ɗaya, da fartanyar nan zai tsayar da ni. Malam Audu ya ga za a bar shi a ƙasa a yi yadda aka ga dama da gefensa, ya tattare riga ya yi bismilla ya haye hagu. Dukansu ba ƙananan mutane ba ne, kun san manoman wajenmu.

Na ba da wuta a hankali. Kwaɗo ya yi nishi, sarƙa ta miƙe, sai na ji baki ya kama ƙasa. Kai jama'a! Na waiga na ga jar ƙasa na naɗewa tana gangarawa cikin ramuka, bayanmu sumul. Nauyin da na ƙi saye a Malumfashi ga shi Allah ya kawo kyauta, har da baki. Baba Nomau na ihu “Hagu! Hagu!” Malam Audu na ihu “Dama, Alhaji, dama!” In wannan ya karkata jiki don ya ture ta daga gonarsa sai ta nufi ta wancan, wancan ya karkata ya dawo da ita. Ni ko sauraronsu na daina, na riƙe kan babur kawai. Hanyar da ta fito tsakaninsu, ko da igiya aka auna ba za ta fi haka zama a tsakiya ba.

Ba a tafi ɗaya aka gama ba. Mun kai mun komo ban san adadi ba. Inda zaizaya ta yi zurfi gireda ba ta da abin yi, sai an cike da hannu. Mutanen gari da suka fito kallo suna tsaye suna dariya, Baba Nomau daga kan katako ya daka musu tsawa, ya ce ko ido ne zai cike ramin? Nan da nan fartanyu da kwanduna suka fito, abu ya zama gayya ba tare da an yi shela ba. Mata suka kawo fura da kunun tsamiya. Da azahar Malam Audu ya sauka ya kira salla, amma sai da ya sa aka kashe Kwaɗo ya karɓi makullin ya jefa a aljihu, kada a ja ba ya nan. Baba Nomau ya zauna a kan giredar yana jiranmu, bai sauka ba. Waldar nan kuwa ko tsagewa ba ta yi ba duk wunin, na duba ta ya fi a ƙirga.

La'asar sakaliya a-kori-kura ta biyo bayanmu, tana tafe tana rangaji, har ƙofar zaurenmu. Na shiga. Inna na kwance a kan tabarma a bakin ɗakinta, ta rame, ƙafar ta yi suntum. Ni ne ɗan farinta, saboda haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da wani a wurin. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Ta ce a jawo mata ƙarfen da ake ta magana ta gani. Aka jawo shi daidai ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, “Ashe ƙarya aka yi da aka ce makara ce. Wannan ya yi faɗi.” Direba ya dube ni, na kawar da kai.

Sannan ta juya wajen direban. “Malam direba, tambayar mini mutumin naka. Hanyar nan da ya sha wahala a kanta, ta fita ce kaɗai, ko har da ta dawowa?”

A gidana na Funtua akwai ɗaki da na sa aka shafe da farar ƙasa, na sayi sabon gado na saka. Niyyata in an sallame ta daga asibiti ta zauna wurina, ta huta da rijiya da surfe, ƙauye kuma sai dai labari. Daga ni sai maiɗakina muka san da wannan. Ban san yadda Inna ta sansano ba. Ta ci gaba da yi wa direba bayani, wai wanda ya taho da inji tun daga Funtua ba don kwana uku a asibiti ya taho ba. Nan aka binne mijinta, nan gyaɗarta take, ba za ta je ta mutu a ɗakin da ba ta san inda gabas take ba.

Ƙarya ba ta yiwuwa a gaban Inna, gaskiyar kuma ta riga ni faɗa.

Ita ta yanke hukunci. Ƙarfen nan ba zai koma Funtua ba. A bar shi wurin Nomau da Malam Audu, da sarƙarsa, duk ruwan da aka yi su ɗaura wa shanu su bi hanyar, ta zauna a buɗe har ranar da za a dawo da ita. In an yarda da haka za ta shiga mota. In ba a yarda ba, a gaida mutanen Funtua. Baba Nomau daga zaure ya ce ya ji, bijimansa na nan. Malam Audu ya ce ba za a ja ba sai yana kai. Na ce na yarda. Inna ta ce wai direba bai ji da kyau ba, a sake faɗa. Na sake faɗa da ƙarfi.

Da safe aka ja mota da baya har bakin zaure, aka shimfiɗa katifa. Mata ne suka tallabo ta a hannu, ƙasa-ƙasa, ba kafaɗar namiji ko ɗaya. Kwaɗo ma can na bar shi a zaure don ba wuri, sai daga baya aka kawo mini. Muka fito a hankali a kan sabuwar hanya, tsofaffin nan biyu kowa na tsaye a bakin gambarsa yana duba ko taya ta taɓa. Direba bai danna ham ko sau ɗaya ba har Funtua. A Malumfashi na sa ya tsaya, na leƙa na gaya wa mai walda aikinsa ya yi. Ya tambayi nauyin da muka ɗora, na ce dattawa biyu. Har muka tafi yana tsaye da abin walda a hannu, bai gane ba.

A asibiti suka ce ƙashi ne ya tsage, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Sun yi aikinsu, an sallamo ta, kumburi na saɓewa, alhamdu lillahi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Tun daga Bakori har ƙofar gidanmu ba wanda bai zargi wani ba, ni ne kuma sarkinsu. Na zargi mai ƙosai, da mai doguwar riga, da mai walda, da dattawan da suka wuni a kan katako saboda uwata. Ban kama kowa da komai ba. Zargi ɗaya ne ya faɗa daidai a duk tafiyar, shi ne na Inna, kuma a kaina ya faɗa.

Yanzu tana ɗakin nan mai farar ƙasa. Ƙunshin kayanta na nan a ɗaure a gefen gado, ta hana a kwance. Duk ruwan da aka yi a Funtua sai ta aiko maiɗakina ta tambaye ni ko an ja hanya. Ranar kasuwar da ta wuce wani mai kawo mini masara daga wajenmu ya ce an ja, har sau biyu, da bijiman Baba Nomau, su biyun na kai suna ta hagu da dama. Na shiga na faɗa wa maiɗakina a gaban Inna don ta ji. Sai Inna ta juyo ta dube ni, ni kaina, ido cikin ido, ta ce, “Ka dai ji ko?”

Na ce, “Na ji, Inna.”

Na riga na gaya wa direba, ranar da likita ya ce ta taka, ya zo da asuba. Mai sarƙa kuma ya yi haƙuri, zan saya masa wata. Waccan tana da aiki.